Gonar da Na Hana a Jinginar

A garinmu mutum zai iya gaya maka ciwon da ke damunsa a wurin da ba a nunawa, amma ba zai gaya maka albashinsa ba. Ni kuwa ban taɓa buƙatar tambaya ba, sana'ata ce take gaya min. Bayan na gama sakandare na dawo Suleja wurin Gwaggo, yayar babana, a Kurmin Sarki, na kama sana'ar POS: lema, teburi, kujera, da 'yar na'urar da mutum zai sa katinsa in ƙirga masa kuɗi a hannu in cire ladana. Lemar tawa tana kallon ƙofar wani asibitin kuɗi, titi ne kawai a tsakaninmu. Duk ƙarshen wata ma'aikatansa sukan tsallako ɗaya bayan ɗaya, kowa da fara'ar wanda alat ɗin albashi ya shigo wayarsa, su ce in cire musu duka. Wanda ya ce a cire masa duka kuwa ya gama faɗa maka abin da ake biyansa, ko ya so ko bai so ba.

Ban taɓa kai maganar kowa gaba ba, amana ce. Amma ina da ido, kuma lissafi bai taɓa ba ni wahala ba. 'Yan matan nan masu farin yunifom, ƙananan ma'aikatan lafiya, waɗanda suke awon hawan jini da wanke ciwo da yin allura idan likita ya rubuta, abin da suke cirewa bai kai abin da nake samu a ƙarƙashin lema ba a watan da kasuwa ta yi kyau. A watan da ta yi sanyi kuwa mukan yi kunnen doki. Su sun yi shekara biyu a makaranta, an kashe musu kuɗi, ni kuwa jarina bai wuce lema da iya ba da canji ba.

Duk da haka aikinsu nake so, kuma na san ba ya shiga lissafi. Abin ya samo asali ne daga matan ƙauye. Sukan fito daga asibitin da ledar magani a hannu, su tsaya bakin titi suna juya ta, sai su hango ni zaune da hijabi su tsallako. "'Yar nan, don Allah duba min, me suka ce?" A ciki an yi musu bayani da Turanci ko da Hausar da aka tsinta a kasuwa, sun ce to, to, don kunya, sun fito ba su ɗauki komai ba. Nakan karanta musu abin da ke jikin ledar, ɗaya da safe ɗaya da yamma, bayan an ci abinci. Sai wata ta ce, "To in yaron ya amayar fa, in sake ba shi?" A nan nake tsayawa. Na iya karatu, amma ban san amsa ba, kuma babu abin da yake ba ni haushi a duniya kamar a tambaye ni abu in yi zuru.

Cikin ma'aikatan akwai wata da kowa yake kira Sista, Kirista ce daga kudu, ta girme ni sosai, tana haya a Madalla da 'ya'yanta. Ta daɗe a Arewa, Hausarta tana gudu, sai dai har yau ba ta yanke shawarar wa ake ce wa "ka" wa ake ce wa "ki" ba. Ita kaɗai ce takan zauna a bencina bayan ta karɓi kuɗinta, ta cire takalmi ta miƙe ƙafa. Ranar da na gaya mata ina son shiga makarantar koyon aikin lafiya, sai ta kalle ni.

"Kai da kake ganin abin da nake cirewa?" ta ce.

"Ina gani."

"To in kuɗi kake nema, hold your POS well well, ka riƙe lemarka da kyau. Aikin nan ba ya sa mutum ya yi kuɗi. Gwamnati in ta ɗauke ki, eh, da sauƙi. Amma kafin ta ɗauka, wasu sun tsufa suna aikin kyauta a asibitin unguwa suna jiran sunansu ya fito."

Na ce mata na ji. Ta ce to me ya sa? Na gaya mata maganar matan nan da ledar magani. Ta yi dariya ta ce ciwon da ya kama ta ne ya kama ni, kuma babu allurarsa. Daga nan ta mayar da takalminta ta ba ni shawara guda ɗaya, wadda ita ce ta zama tushen duk abin da ya biyo baya: in zan yi, in yi, amma kada in ci bashin da albashin farin yunifom ba zai iya biya ba.

Na nemi gurbi a wata makaranta mai zaman kanta, kwas na shekara biyu, suka ɗauke ni. Sannan aka faɗa min kuɗin. Ga kuɗin makaranta, ga na yunifom da kayan aiki, ga na zuwa koyon aiki a asibiti, ga kuma na jarrabawar ƙarshe wadda in ba ka ci ta ba satifiket ɗinka sai dai ka yi fifita da shi. Ajiyata gaba ɗaya ba ta kai rabin shekarar farko ba. Amma murnar an ɗauke ni ta riga lissafin isa bakina, na kira Inna mahaifiyata a waya na gaya mata, ita kuma ko ajiye wayar ba ta yi ba ta gaya wa Baba.

Babana manomi ne a wani ƙauye ta wajen Gawu Babangida. Doya yake nomawa da dawa, a gonar da ya gada, kuma da ita ya ciyar da mu duka. Bai taɓa karɓar albashi ba, don haka a wurinsa albashi wani abu ne mai kauri wanda ba ya yankewa. Ma'aikacin lafiya ɗaya ya sani da kyau a rayuwarsa, wani malamin asibiti da aka taɓa turowa yankinsu lokacin Baba yana saurayi. Mutumin yana da babur lokacin da keke ma abin kallo ne, gidansa ne na farko da aka yi wa rufin kwano, kuma mutane suna kai masa kaji ba tare da ya tambaya ba. Tun muna yara muke jin labarin wannan babur. Da Baba ya ji 'yarsa za ta shiga aikin lafiya, wannan mutumin ya gani.

Ba a daɗe ba Inna ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce Baba ya gama magana da Alhaji mai sayen hatsi, zai jinginar masa da gonar, a ba ni kuɗin shekara biyun gaba ɗaya in yi karatu hankali kwance. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a yi a gaban mai unguwa.

Jingina a wajenmu ba sayarwa ba ce, shi ya sa take da daɗin shiga. Za a ba ka kuɗi, ka miƙa gona. Wanda ya ba da kuɗin shi zai riƙa nomawa yana cin amfanin, har ranar da ka dawo masa da kuɗinsa cif. Babu kuɗin ruwa a kai, amma duk shekarar da ta wuce, doyar shekarar ta tafi. Baba ya lissafa cewa damina biyu ce ko uku: in na gama, albashi ya fara, a fanso gona. A tsakani zai yi ƙwadago a gonakin mutane, ya noma ɗan fegin bayan gida.

Ni kuma na yi nawa lissafin da abin da idona ya gani. Na ɗauki albashin da 'yan matan nan suke cirewa, na fitar da kuɗin mota da na abinci da na sabulun wanke farin kaya, na duba abin da ya rage. Da wannan ragowar, ƙannena sai sun yi gemu kafin gonar ta dawo. Kuma na san yadda irin wannan jinginar take ƙarewa a ƙauyukan da ke kusa da titi. Rashin lafiya ta zo, a koma wurin mai kuɗin a ce ya ƙara kaɗan a kan na da. Biki ya zo, a sake komawa. Wata rana sai a wayi gari bashin ya kai kuɗin gonar, a sha hannu, shekara ta zagayo ka ga an kafa duwatsu an yanka ta fulotai ana sayar wa ma'aikatan Abuja. Na sha tura kuɗin irin waɗannan fulotan da hannuna.

Na kira Baba. Na gaishe shi, na fara kewaye-kewaye, na ce albashin aikin nan fa ba kamar da ba ne. Ya ce, "Ke dai ki yi karatunki. Maganar gona ba taki ba ce." Na ce Baba ai ina gani da idona. Ya ce yaran asibitin kuɗi daban, ni ta gwamnati zan zama in Allah ya so. Ya sa min albarka ya kashe waya. A muryarsa na ji wani farin ciki da ban taɓa ji ba, kuma shi ya fi komai tayar min da hankali.

'Ya ba ta tsayawa gaban maza ta ƙaryata ubanta, ko da gaskiyarta ta kai girman dutsen Zuma. Amma akwai mutum ɗaya a duniya da take da bakin magana a kan gonar nan. Tun da kakanmu ya rasu ba a raba gado ba. Su biyu ya bari, Gwaggo da Baba. Gwaggo ta yi aure a gari, mijinta ya rasu, tana suyar waina a ƙofar gidan da take haya, ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Baba yana nomawa, duk kaka ya aiko mata da doya da dawa, ita kuma ta yi godiya kamar kyauta ce. Haka suka zauna lafiya tun kafin a haife ni. Amma kowa ya sani, har mai unguwa, gonar da ba a raba ba ba a jinginar da ita sai duk magada sun yarda.

Na sami Gwaggo tana wanke tanda na gaya mata abin da nake so. Ta ajiye soson ta dube ni.

"Kin san abin da kike roƙona kuwa? Tun da babanmu ya kwanta dama ban taɓa buɗe baki na ce ina da ko taki ɗaya a gonar nan ba. Yau ki ce in je gaban mutane in tuna wa ƙanina? Don yana son ya yi wa 'yarsa gata?"

Na ce gatan ne zai cinye gonar. Ta ce ni yarinya ce, me na sani game da albashin mutane. Na sani sarai, amma ba ni da ikon faɗa, don ba nawa ba ne. Na koma wurin Sista na gaya mata inda aka tsaya. Da ta tashi daga aiki da la'asar ta ce in kai ta gidanmu.

Har yau in na tuna zaman nan sai in ji wani iri. Sista da farin yunifom a kan tabarmar Gwaggo, ta ƙi kujera. Bayan gaisuwa ta ce, "Mama, zan gaya maka abin da ko 'yan cocinmu ban gaya wa ba." Ta faɗi albashinta, ba ragi ba ƙari. Ta faɗi shekarun da ta yi tana aikin. Ta ce ita ma da bashi ta yi karatu, yayanta ya sayar da shagonsa na kayan gyaran mota don ita, kuma har ya mutu ba ta iya mayar masa da shago ba. Ta ce aikin yana da daɗi, ba ta da-na-sanin shigarsa, amma shagon nan yana tsaya mata a wuya duk ranar da alat ya shigo.

Gwaggo ta tambaye ta sau biyu ko kuɗin sati take nufi. Da ta tabbatar na wata ne, ta kalli tandarta, ina jin tana auna shi da cinikin waina. Ta zuba wa Sista kunu, ta raka ta har bakin titi. Da ta dawo ba ta dube ni ba, ta ce in goge mata mayafinta na fita.

Ranar Juma'a muka shiga mota zuwa ƙauye. Mun isa ana saukowa daga masallaci. Baba ya yi murna da ganinmu, ya ɗauka albarka muka zo sa wa. An shimfiɗa tabarma a zaure, ga mai unguwa, ga dattawa biyu shaidu, ga Alhaji mai hatsi da aljihunsa a kumbure, ga goro a faranti. Ni ina daga ciki bayan ƙofa tare da Inna, ina jin komai.

Mai unguwa ya fara da addu'a, ya faɗi iyakokin gonar, daga bishiyar ɗorawa zuwa bakin rafi. Ya tambaya, kamar yadda aka saba tambaya ba don ana jiran amsa ba, ko akwai mai magana. Sai Gwaggo ta matsa bakin ƙofar zauren ta durƙusa ta yi sallama.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Gonar nan ta babanmu ce, ba a raba ta ba. Ina da kaso a ciki, kuma ban yarda a jinginar ba."

Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce to, magana ta ƙare, tunda mai haƙƙi ta yi magana. Alhaji ya yi 'yar dariya ya ce babu komai, ai shi taimako ya zo yi, ya ɗauki goro ɗaya ya miƙe. Shaidun suka bi shi suna kallon ƙasa. Baba yana zaune yana kallon farantin.

Da ya shigo cikin gida bai nufi yayarsa ba, ni ya nufa.

"Ke kika kawo ta."

"Ni ce, Baba."

Na zaci faɗa zai yi, na ma shirya masa. Bai yi ba. Ya ce, a hankali, "Tun da aka haife ki ban taɓa yi miki wani abu da za a nuna a ce ubanta ne ya yi mata ba. Makaranta yayata ce ta riƙe ki. Sana'a da kanki kika nema. Wannan ɗayan na so in yi da hannuna, kin tara min mutane kin hana ni." Ya ɗauki fartanyarsa ya fita, ranar Juma'a da yamma, lokacin da ba ya zuwa gona. Na yi kuka a mota har muka shigo Suleja, amma ko sau ɗaya ban ji cewa na yi kuskure ba. Abin ya yi min ciwo ne kawai.

Daga ranar in na kira shi sai ya amsa gaisuwa ya miƙa wa Inna waya. Da doya ta fara fitowa ya aiko wa Gwaggo da kaya a mota, fiye da abin da ya saba aikowa nesa ba kusa ba, tare da saƙo a bakin direba: a ce mata ga kasonta. Gwaggo ta tsaya a kan tulin doyar ta daɗe, ta shiga ɗaki. Ba ta ci ko ɗaya ba, maƙwabta ta yi ta rabawa. Ban taɓa jin nauyin abin da na jawo kamar ranar ba.

Amma ban hana jingina don in zauna a ƙarƙashin lema har tsufa ba. Na koma makarantar na yi ta zarya har suka yarda in riƙa biya zango-zango. Na tsara cewa zan je aji da safe, in buɗe lema da yamma da ranakun hutu, ranakun kasuwa kuwa ko ana ruwan ƙanƙara sai na fito. Abin da ya rage shi ne kuɗin shiga na farko, wanda ya fi ƙarfin ajiyata. 'Yan kasuwar layinmu suna da ƙungiya, masu shaguna da masu teburi, Hausawa da Gwari da 'yan kudu, ina zubi a cikinta tun da na fara sana'a. Suna ba mamba rance ya riƙa biya duk mako. Na auna abin da zan karɓa da abin da lema take kawowa a watan da ya fi kowanne muni, ba da albashin da ban fara karɓa ba. Ya shiga, da ƙyar, amma ya shiga.

Sai shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai sayar da kwanuka, ya tuna min sharaɗinsu. Su ba sa karɓar gona ko takardar fili, mutum suke karɓa. Sai ka kawo wanda zai tsaya maka, magidanci mai gidan kansa, ba ɗan haya ba, ya zo da ƙafarsa ya faɗa da bakinsa. In ka daina biya ba sa kai ƙara ko'ina. Dattawan ƙungiya ne za su ɗauki tabarma su tafi ƙofar gidan wanda ya tsaya maka, su shimfiɗa su zauna, su gaisa da duk mai wucewa, kullum, har sai an biya. An ce ba a taɓa yin zaman da ya daɗe ba, don babu magidancin da yake iya jure shi.

Gwaggo 'yar haya ce. Sista 'yar haya ce. Na juya sunayen duk mutanen da na sani, na dawo kan mutum ɗaya, wanda ba ya son jin muryata a waya.

Na tafi ƙauye ba tare da na sanar ba. Ƙarshen damina ne, ƙasa da sauran laima, na same shi a gona yana tayar da kunyar doya ta baɗi da garma. Ya gan ni tun daga nesa bai tsaya ba. Na durƙusa a bakin kunya na gaishe shi, ya amsa yana aiki. Na ce na zo roƙo ne. Na gaya masa komai dalla-dalla: abin da zan ranta, yadda zan biya, da maganar tabarma a ƙofar gida. Ban rage komai ba. Na kuma gaya masa abin da ban samu damar ƙarasawa a waya ba, cewa in na gama, abin da za a riƙa biyana zai iya kasa abin da nake samu yanzu, kuma babu babur a ciki, babu rufin kwano.

A nan ya kafa garmar a ƙasa ya dube ni, karo na farko tun ranar Juma'ar nan.

"To in haka ne, me za ki je yi? Ki ci bashi don ki koma baya?"

Na ce, "Baba, mata suna zuwa wurina da maganin 'ya'yansu suna tambayata, ina ce musu ban sani ba. Irin su Inna ne. Na gaji da cewa ban sani ba. Zan yi karatun nan ko zai ɗauke ni shekara nawa. Amma ba zan yi shi a kan abincin ƙannena ba."

Ya kalli kunyoyin da ya tayar. Ya ce, "Gonata kin ce ba ki so. Yanzu fuskata kike so." Na ce eh. Ya ce fuska ai ta fi gona tsada. Na ce na sani, shi ya sa ba zan bari a taɓa ta ba. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ya zare garmarsa ya ce in shiga gida in gaida uwata kafin mota ta wuce ni.

Ranar zaman ƙungiya na rufe lema da wuri na tafi shagon shugaba, inda ake jera benci a gaba. Ana ta karɓar zubi, ni ina kallon titi. Har an kusa tashi, na fara shirya abin da zan ce don a ɗaga min zuwa wani zaman, sai na hango shi yana saukowa daga kan acaɓa, da babbar rigarsa ta Idi da hular da ba ya sawa sai ɗaurin aure. Ya yi sallama, aka ba shi wuri. Bai dubi inda nake ba.

Shugaba ya yi masa bayani kamar yadda ake yi wa kowa, ya tambaye shi ko shi ne mahaifina, ko gidan da yake ciki nasa ne. Ya ce nasa ne. Sai ya yi masa tambayar ƙarshe: "Malam, in yarinyar nan ta kasa biya, ka san ƙofarka za mu zo mu zauna. Ka yarda?"

Baba ya gyara zama. Ya ce, "Na yarda. Akwai inuwa a ƙofar, ku zo. Amma kada ku yi saurin sayen tabarma. Yarinyar nan ta kunyata ni a gaban mai unguwarmu don kada a taɓa gonar gidanmu. Har yau ban huce ba. Wadda ta iya yin wannan ba za ta bari ku zauna a ƙofata ba."

Wasu suka yi dariya, shugaba ya ce shi ke nan, an karɓa. Ni ban yi dariya ba, na sunkuyar da kai don kada a ga idona. A rayuwata babu wanda ya taɓa yabona da magana mai zafi irin wannan, kuma babu yabon da ya taɓa ɗaure ni kamarsa. Na raka shi tasha. Da muka zo kwanar da ke shiga Kurmin Sarki ya ɗan rage tafiya, ya kalli layin gidan yayarsa, ya ce ba yau ba. Sai da aka yi wata damina kafin ya taka gidan.

Karatun ya ba ni wuya fiye da yadda na zata. Na sha yin gyangyaɗi a kan na'ura, na sha zuwa aji da ƙafa don in cika kuɗin mako, kuma sai da na sake komawa ƙungiya rance kafin jarrabawar ƙarshe, Baba ya sake sa babbar rigarsa. Yanzu ina aiki a wani ƙaramin asibiti da safe, da yamma in koma lemata. Albashin kuwa shi ne dai wanda na gani tun farko, bai ba ni mamaki ko kaɗan ba. Gonar tana nan, bana ma doya aka sa. Da sauran bashi a kaina, ina rage shi duk mako, wani makon da sauƙi, wani makon sai na haƙura da nama. Babu wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma a ƙofar babana, kuma muddin ina numfashi babu wanda zai shimfiɗa.